Matar Ɗalibin Tuƙin Jirgin Soja a Kano: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini Idan Horo Ya Zo Gangara

Tun da maigidana ya gama nasa horon a nan Kano, na zama kamar 'yar ofishin tambaya. Amare su kira, waɗanda aka sa wa rana su aiko, har a wani gidan biki a Gwammaja wata uwa ta taɓa jan hannuna zuwa soro don ta ji ko 'yarta za ta iya zaman. Tambayoyin kusan guda ne, bakin masu yin su ne kawai ke canzawa, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Ni ba soja ba ce, ba kuma da yawun rundunar sojan sama nake magana ba. Dokar aiki tana wajen mijinki da shugabanninsa. Nawa sanin na cikin gida ne.

Wai me ake koya musu a Kano, alhali ya riga ya tuƙa jirgi a Kaduna?

Na Kaduna share fage ne. A can makarantar horon tuƙi ta 401 take, inda ɗalibi ke fara sanin sama da ƙaramin jirgi mai farfela, irin Super Mushshak ƙirar Pakistan. Ta Kano ita ce ta 403, tana gefen filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma fili ɗaya suke amfani da shi da jiragen fasinja da na alhazai. Jirginsu L-39ZA ne, jet mai inji ɗaya ƙirar ƙasar Czech, wanda Najeriya ke da shi tun shekarun 1980. Kujerunsa biyu ne a jere, ɗalibi a gaba, malami a bayansa yana kallon ƙeyarsa.

Bambancin shi ne gudu. Abin da ake ba mutum daƙiƙa goma ya yi tunaninsa a ƙaramin jirgi, a nan uku ma sun yi yawa. Suna koyon sarrafa jirgin, da tashi shi kaɗai ba malami, da tuƙi da na'urori kawai ba tare da leƙen waje ba, da bin hanya daga wani gari zuwa wani, da jerawa fiffike kusa da fiffike, da tashin dare. Kowane mataki da jarrabawarsa a sama. Wasu kuma ba ta Kano suke bi ba: masu jirgi mai saukar ungulu Enugu suke zuwa, akwai kuma waɗanda ake turawa ƙasashen waje.

An ce saura kaɗan, amma ya fi da shiru, abu kaɗan ya harzuƙa. Ko wani abu na yi masa?

Ba ki yi komai ba, ƙanwata. Aski ne ya zo gaban goshi.

Mu a gida muna ganin ƙarshen horo kamar gangara ce, shi kuwa a wajensa nan ne tudun yake. A farko idan ya yi kuskure ana cewa ɗalibi ne. A ƙarshe ana auna shi ne a kan ko za a iya ba shi jirgi da makami a bar shi ya tafi. Kowane tashi ana rubuta masa maki, a sauko a zaunar da shi a warware masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci zaman ya fi tashin daɗewa. Mutumin da aka yini ana ƙirga masa laifi ne yake shigo miki da magariba. Ga gajiyar jiki: idan jet ya yi kwana mai tsanani nauyin mutum yana ninkuwa sau huɗu ko biyar, jini ya nemi barin kai ya gangara ƙafa, sai ya ɗaure cikinsa da cinyoyinsa yana turjiya. Minti arba'in na wannan ya fi yinin noma cin jiki.

Na daɗe ban gane ba. Nakan tare shi a bakin ƙofa da "ya aka yi yau?", ya ce "lafiya", ni kuma in kumbura. Daga baya na koma sannu da zuwa, ruwan wanka, abinci. Idan ranar ta yi kyau, kafin ya kai loma ta biyar zai fara ba ni labari da hannuwa, tafin dama jirginsa, na hagu na malaminsa. Idan ba ta yi kyau ba, zan gani a yadda ya ajiye takalmi.

Wannan fa ba lasisin wulaƙanci ba ne. Shiru da gajiya daban, zagi ko duka daban. Idan ta kai can, ki sanar da manyanki, kada ki ce ai horo ne.

To ni da ban san komai a jirgi ba, da me zan taimaka?

Da barci, da abinci, da riƙe masa kati.

Akwai matakan gaggawa, a rubuce a kati, da dole ya haddace kamar Fatiha: idan inji ya mutu, idan wuta ta kama, idan tayoyi suka ƙi fitowa. Ba a yarda ya tsaya tunani ba, bakinsa da hannunsa su riga ƙwaƙwalwarsa. A falonmu akwai wata farar kujerar roba da ya ajiye tana fuskantar bango, ya manna hoton cikin jirgin da salatif. Bayan isha'i zai zauna, ya rufe ido, hannun dama a kan muciyata da ya tsayar tsakanin gwiwoyi, na hagu yana tura abin da babu, yana magana da hasumiyar kula da jirage da babu. Ranar farko da ƙanwata ta gani sai da ta ja ni kicin ta ce, "Yaya, ko a kira malam?" Ni kuwa ina kaɗa miyar kuka da katin a hannu ɗaya, in jefo masa tambaya ba shiri, ya amsa, in duba ko ya tsallake layi. Turancin wajen ban fahimci rabinsa ba, amma ido na gane layin da aka tsallake.

Barci kuwa ki tsare masa shi kamar dukiya. Idan da tashin sassafe, baƙin dare su yi haƙuri, maganar kuɗin cefane ta jira. A watannin Maris da Afrilu da zafin Kano ke kai maƙura, ga wuta ba tabbas, fanka mai caji ta fi sabon leshi amfani a gidan.

Yaushe za su gama? Kullum sai ya ce bai sani ba.

Gaskiya yake faɗa miki. Horon ba da kwanan wata ake ƙirga shi ba, da adadin tashi ne, kuma tashi yana hannun abubuwa da yawa: lafiyar jirgi, kayan gyara, samuwar malamai, sannan sararin sama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo kan sauko wa Kano har ki tsaya a Kurna ba ki hango ƙarshen titi. Jiragen fasinja ma ana soke musu tashi, balle ɗalibi. Da damina kuma hadari ne. Sai ya yi shiri tun asuba, ya yini da kakin tashi a jikinsa, a ce yau babu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma kowace rana irin wannan tana tura ranar gamawa gaba.

Ni na yi cinikin biri a sama. Daga jin "wataƙila ƙarshen wata", na shiga Kantin Kwari na fitar da anko, na kai ɗinki, na sanar da dangi har na Gumel. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Kafin ranar ta zo cikina ya fito, rigar ta ƙi shiga, cincin ɗin da na soya kuwa yaran maƙwabta ne suka ci rabonsu. Kada ki yanka atamfa sai takarda ta fito.

Mura ce kawai ta kama shi, ya ƙi shan maganin da na ba shi. Har jiƙon da Hajiya ta aiko ya ƙi.

Ya yi daidai, kuma ki tsaya masa a wajen Hajiya. Matuƙi ba ya shan magani sai da sanin likitan sojan sama. Magungunan mura da yawa suna sa gyangyaɗi da nauyin kai, abin da mu za mu sha mu kwanta, shi zai sha ya hau sama. Murar kanta matsala ce: idan hanci da kunne suka toshe, sauyin iskar da ake samu wajen hawa da sauka kan jawo ciwo mai tsanani, har dodon kunne ya iya fashewa. Shi ya sa akan dakatar da mai mura daga tashi na 'yan kwanaki.

Jiƙe-jiƙe da garin magani, na shawara ne ko na basir ko na sanyi, ba wanda ya san adadin abin da ke ciki, kuma ana yi musu gwajin lafiya a kai a kai. Ni abin da nake yi, in karɓa hannu bibbiyu, in yi godiya, in ce, "Hajiya, likitansu ya hana shi komai sai an gama, addu'arki dai muke nema." Ba ta taɓa jin haushi ba. Zuma da citta da lemon tsami a ruwan ɗumi sun ishe ki.

Ina za a tura mu bayan an gama?

Ba shi zai zaɓa ba. Ana iya tambayarsa ra'ayi, amma buƙatar rundunar da makinsa da shawarar malamansa su ne ke yanke hukunci, kuma irin jirgin da aka ba shi ne zai nuna garin. Makurɗi cibiyar jiragen yaƙi ce, can aka kai JF-17 guda uku a 2021. Kainji a jihar Neja akwai Alpha Jet da kuma A-29 Super Tucano goma sha biyu da aka sayo daga Amurka, su ma a 2021 suka iso. Manyan jiragen dakon kaya C-130 suna Legas. Wanda ya nuna baiwar koyarwa, wata rana ana iya dawo da shi Kano ko Kaduna ya zauna a kujerar baya.

Sai ki raba abu biyu a ranki: inda aka ajiye shi, da inda ake aika shi aiki. Gidanku na iya zama a Kainji, shi kuma yana Maiduguri ko Katsina wata da watanni. Kuma fuka-fukan da za a maƙala masa a ƙirji, alamar ya gama horon tuƙi, ba su ne ƙarshen karatu ba. Sabon jirgi, sabon kwas, sabuwar kujerar roba a falo. Da wani ya gaya mini haka tun farko, da ban zuba duk haƙurina a kan rana ɗaya ba.

Kuɗin hayarmu ya kusa ƙarewa. Mu sabunta na shekara?

Idan kuna cikin bariki, wannan bai shafe ki ba. Idan kuna waje, irin su Jaba ko Kurna ko Birged, ku nemi mai gidan tun da wuri a yi maganar wata shida, ko a rubuta cewa idan kun tashi za ku iya kawo wanda zai ƙarasa. A rubuta, da shaida. Mu baki da baki muka yi da wani dillali, ranar tashi ya ce shi bai tuna ba.

Manyan kaya kuma ki dakata da saye. Gidan da za a ba ƙaramin hafsa a sabon wuri ba lalle ya ɗauki saitin gadon da aka yi miki jere da shi ba, kuma ba lalle a samu gidan nan take ba.

Ina karatu, ko ina aiki a Kano. In bari in bi shi?

Kada ki yi gaggawar ajiye komai. Idan saura shekara ɗaya ki gama BUK, ki gama. Shi ma watanninsa na farko a sabon wuri kwas zai sha, ko kin bi shi bango za ki riƙa kallo. Idan yanzu za ki fara, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a faɗin ƙasar, karatun yana bin ki duk inda kika koma. Mai shirin bautar ƙasa ta sani cewa ana barin matar aure ta yi a jihar da mijinta yake, idan ta kawo shaidar aure da ta inda yake zaune. Aikin gwamnatin jiha ne mai wuyar ɗauka a kai wata jiha, wannan sai an zauna an yi lissafi.

Sana'ar hannu kuwa 'yar Kano ba ta da uzuri. Na san wadda ke saro atamfa da mayafai daga Kwari tana sayarwa a bariki a kudu, wata turaren wuta da humra, wata yaji da kuka da daddawa daga kasuwar Rimi. Abin da muke gani banza a nan, a can nema ake. Ba don kuɗin kaɗai nake faɗa ba. Matar da ba ta da abin yi sai jiran ƙarar jirgi, tunani ne ke cinye ta.

Me ya sa yake hana ni sa hotonsa a WhatsApp? Ko kunyar nuna ni yake?

A'a. Mijinki zai yi aiki ne a kan mutanen da su ma suna da waya. Hotonsa da sunansa a ƙirji, lambar jirgi, garin da ya tafi, ranar da zai dawo, duk bayani ne ga mai nema. "Allah ya tsare min kai a hanyar Maiduguri gobe" addu'a ce mai kyau, amma a kan sallaya ake yin ta, ba a Facebook ko TikTok ba. Rundunar ma tana da ƙa'idoji a kan abin da ake sawa a intanet, kuma shi za a tuhuma da abin da kika wallafa. Ki ja kunnen ƙannenki da nasa, su ne suka fi zumuɗi. Haka a adaidaita sahu da wajen kitso, baki shi ke yanka wuya.

Wace takarda ce ya kamata in tabbatar an yi?

Nan ne na fi so ki buɗe kunne, domin kunya ta cuci mata da yawa.

Na farko, aurenku ya kasance rundunar ta san da shi. Ɗalibin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ba ya aure, hafsa kuma sai ya nemi izini a hukumance. Ɗaurin aure a masallaci da goro da alawa ya halatta ki a wajen Allah, amma ofis takarda yake gani. Ki tabbatar akwai shaidar aure kuma an shigar da sunanki a fayil ɗinsa. Na biyu, inshorar lafiya: tsarin yana ɗaukar mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai an yi musu rajista, kuma kowace haihuwa sai an ƙara sunan. Na uku, takardar magaji, wato wanda za a nema idan wani abu ya faru. Yawancinsu tun suna samari suka cike ta da sunan uba ko wa, suka manta.

Maganar tana da nauyi a baki, kamar kina yi masa fatan mutuwa. Ni sai da na yi sati ina juya ta kafin na furta, ashe shi ma yana son tayar da ita yana tsoron kada in firgita. Ba cewa nake lalle a sa sunanki a cire na mahaifinsa ba. Ku dai san wane ne a rubuce, shi ma wanda aka rubuta ya san cewa wakili ne, ba mai dukiya ba. Rabon gado yana nan yadda shari'a ta tsara. Ki ajiye kwafin komai a jaka ɗaya, wani kwafin a gidanku.

Tsoro fa? Duk ƙarar jirgin da na ji sai gabana ya faɗi.

Ba zan ce miki babu haɗari ba. A Afrilun 2022 jirgin horo ya faɗi a Kaduna, matuƙa biyu suka rasu, kuma duk matar da mijinta ke tashi ta tuna inda take a ranar. Amma ki san cewa rabin horon nan a kan ranar da abu zai lalace ake yin sa. Jirginsu na Kano yana da kujerar tsira da ke harba matuƙi waje da lema. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya fice da kujerar, ya ɓuya, ya yi tafiyar dare har ya isa hannun sojoji da ransa. Katin nan da kike riƙe masa a kicin, aikinsa ke nan.

Abin da ya taimake ni: muka yi yarjejeniya cewa idan ya sauka zai turo kalma ɗaya, idan kuma bai turo ba, ma'anarsa waya ba ta hannunsa, ba wani abu ba. Na daina bin jita-jitar intanet. Na riƙe lambar matan abokan kwas ɗinsa biyu. Sauran na bar wa sallar dare. Idan tsoron ya hana ki barci da cin abinci kwana da kwanaki, ki je asibitin sansanin ki faɗa, ba abin kunya ba ne.

Idan bai haye ba fa?

Yana faruwa, har a matakin ƙarshe. Akan ba mutum damar maimaita tashin da ya faɗi, idan abin ya ƙi sai a zauna a kansa. Wanda aka cire daga tuƙi ba lalle an kore shi daga soja ba ne, rundunar tana da fannoni da yawa a ƙasa. Amma zafin a zuciyar namiji ba kaɗan ba ne, musamman idan duk unguwa ta riga ta sa masa suna "Pilot". Wannan ma dalili ne na rage shela tun yanzu.

Dangi sun ɗauka mun yi kuɗi.

Sun ji "matuƙin jirgi" sun hango na kamfanonin fasinja. Shi ƙaramin hafsa ne mai albashin gwamnati, da ɗan alawus a kai. Ku yanke abin da za ku iya yi wa iyaye duk wata, ku tsaya a kai. Masu neman a kai su Umara a jirginsa kuwa, dariya ta ishe su amsa.

Ranar maƙala fuka-fukan, me ake yi, su wa zan gayyata?

Taro ne na soja, gajere, kuma a kan lokaci ake farawa, ba lokacin bikin Kano ba. Wani zubin a sansani ake yi, wani zubin a hedikwata a Abuja, inda aka maƙala wa Kafayat Sanni nata a Oktoban 2019 ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya. Babban hafsa zai kira suna, ya maƙala alamar a ƙirji, a sara, a yi hoto. Kujerun iyali ƙidayayyu ne, don haka ki tambaye shi mutum nawa aka ba shi kafin ki buɗe baki. Iyayensa ne a gaba. Idan wuri ya yi kaɗan, ki bar wa Hajiya kujerar da ta fi kyau, ita ta fara jiran wannan rana kafin ke. Sauran dangi a haɗa musu walima a gida, waina da miyar taushe da zoɓo sun wadatar.

Za ki ga matan ƙungiyar NAFOWA, ta matan hafsoshin sojan sama. Ki gaishe su da ladabi, ki karɓi lambar duk wadda ta taɓa zama a garin da ake raɗe-raɗin za a tura ku. Ita za ta gaya miki ko akwai ruwa a kwatas, da makarantar da ta fi kusa, da ko ana samun gero a kasuwarsu. Ki zo da katin shaidarki saboda bakin ƙofa, ki sa takalmi marar tsini, domin tsayuwar hoto a rana ta fi taron kansa daɗewa.